Kofin Baba Fita

Surukina ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan kujerarsa ta katako a ƙofar ɗakin injin niƙa, da ragowar kunun safe a gefensa. Ya haura tamanin, ya ga jikoki har da tattaɓa kunne biyu, don haka kukan da aka yi bai daɗe ba. A wajenmu tsoho irin wannan rawa ake yi masa. Kafin la'asar matan zumunta sun iso gidanmu na Fadan Kagoma da tulunansu na kiɗa, suka zauna ƙarƙashin mangwaro suna waƙa, mu kuma muna share hawaye muna amsawa.

Mako uku ya yi a mochuwari, ɗakin ajiye gawa, a Kafanchan kafin 'ya'yansa su gama taruwa, kuma a cikin makonnin nan na ga baƙin da ban san yana da su ba. Masu injin niƙa daga Gwantu suka zo a mota guda. Masu injin casar shinkafa suka zo, mai kula da famfon burtsatse na asibiti ya zo. Wata mai injin markaɗe ta zube a tsakar gida tana cewa yanzu wa zai gaya mata lokacin da injinta zai kwanta, sai da aka ba ta ruwa. Abokan aikinsa uku na zamanin reluwe, tsofaffin fitoci masu gyaran injin jirgin ƙasa, suka zo cikin kwat da suka yi musu yawa, suna ta ba da labarinsa suna ƙyaƙyata dariya kamar biki suka zo.

Jikoki kuwa sun sami abin yi. Al'ada ta ba su damar yi wa kakansu tsiya, suka fito da shuɗin kayan aikinsa suka saka, kowa ya ɗauki kofin roba cike da ruwa. Sai su ɗora a kan motar baƙo, ko a bayan akuya, ko a kan tumbin mijina, su sunkuya su tsuke fuska yadda Baba yake yi, su ce boris ya tafi, saura mako biyu. Mutane suna dariya har da riƙe ciki.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, wato Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta ja ni bayan rumbu ta damƙa mini ainihin kofin, farin kofin ƙarfe mai shuɗin baki wanda duk ya goge. Gwaggo ba ta taɓa ce wa mace "ki" ba, haka ma Baba.

"Malama, ka ɓoye wannan abu kafin fastoci ya zo," in ji ta. "In ka iya, ka jefa shi a masai. Ba na son a binne yayana mutane yana tuna tsohon magana."

Na karɓa na jefa a jakata. Tsohuwar maganar da take tsoro ni ce na jawo ta. Shi ya sa ma na zauna rubuta wannan. Ba na son abin da zai rage a bakin mutane game da surukina ya zama wai mutum ne mai kallon ruwa yana faɗin gaibu.

Baba ya yi aikin fita a loko na Kafanchan, inda ake gyaran kawunan jirgin ƙasa, tun yana saurayi har ya yi ritaya, daga nan sunan Baba Fita ya bi shi. Da ya dawo gida sai ya kafa injin niƙa a ƙofar gida. Kowace safiya bayan addu'a zai shiga ya gaishe shi, da babbar murya, kamar yadda ake gaida maƙwabci, ya tambaye shi yadda ya kwana. Sai ya tayar da shi, ya bar shi ya ɗumama, ya cika kofin da ruwa har baki ya ɗora a kan gidan boris. Boris shi ne zoben ƙarfen nan mai ƙananan ƙwallaye a ciki, wanda sandar inji take juyawa a kansa. Injinmu yana da biyu, ɗaya a gefen bel, ɗaya a gefen faranti inda hatsi yake fita.

Abin da yake kallo shi ne rawar ruwan. Inji mai lafiya yana girgiza, amma zobban da ke tashi a kan ruwan sukan fito sumul, su bi juna daidai. Idan noti ya kwance, kofin da kansa zai fara tafiya zuwa gefe. Idan kuwa wani wuri ya fara ɓantarewa a cikin boris, duk lokacin da ƙwallo ya faɗa ramin sai ruwan ya yi ɗan tsalle, fuskarsa ta yi ƙaiƙayi-ƙaiƙayi. Daga nan sai ya ɗauki doguwar sukudireba, ya kafa bakinta a kan ƙarfen, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. Yakan ce in zoben waje ne ya ci, bugun ba ya canzawa, in kuwa na ciki ne, yana zuwa yana lafawa, domin ramin yana zagayawa tare da sandar. Tun kunnen kowa bai ji komai ba, tun ƙarfen bai yi zafi ba, Baba ya riga ya sani.

"Inji ba ya ɓoye ciwo," yakan ce. "Yana faɗa tun da wuri. Mutane ne ba ya tsayawa."

Haka yake bi da mutane ma. In ka shigo gida ka ce lafiya lau, sai ya dubi yadda ka ajiye ƙafa, ya sa a kawo maka kujera. Ba ya son gaggawa, ba ya son rediyo a kusa da inji, kuma ba ya yarda kowa ya sha ruwa a kofin nan, ko da Fasto ne. Rowar kofi kam yana da ita.

Ni daga Gwantu aka auro ni, sabuwar malamar firamare mai baki kamar rediyon da Baba ya tsana. A watannina na farko komai nasa burge ni yake yi. A lokacin akwai wani maƙwabci, shi ma mai injin niƙa, wanda Baba ya leƙa wajensa ya ɗora kofi ya ce ya canza boris, in ba haka ba injin ba zai ga Kirsimeti ba. Maƙwabci ya ɗauka baƙin ciki ne irin na abokin sana'a, ya yi biris. Ana saura kwana huɗu Kirsimeti, layin mata har titi, boris ya kama, sandar ta lanƙwashe, bel ya tsinke ya tsaga masa goshi. Duk garin suka kwaso hatsinsu zuwa gidanmu.

Ni kuwa don alfahari, a taron zumuntar mata na miƙe na ba da labari. Na ce surukina ruwa kawai yake zubawa a kofi ya kalla, ya faɗi lokacin da inji zai mutu, kuma bai taɓa kuskure ba. Na ƙara gishiri har na ce yana magana da injin, injin yana amsa masa. Ina jiran tafi sai na ga mata suna kallon juna. Matar maƙwabci tana zaune a layi na biyu.

Baba a lokacin dattijon ikilisiya ne, yana zama a gaba kusa da bagade. Mako biyu bayan haka maƙwabcin ya kai ƙara, sauran dattawa suka kira shi, suka kira ni shaida. Tambayoyi uku suka yi mini. Ko na gan shi yana kallon ruwa? Na ce na gani. Ko ya faɗi lokaci? Na ce ya faɗa. Ko abin ya faru? Na ce ya faru. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na tarar ba ni da bayanin, domin ni kaina ban san abin da yake gani a ruwan ba. Su kuma mutane ne da suka taso suka ga iyayensu suna zuwa wurin masu kallon ƙwarya, suka rabu da wannan da ƙyar, wasu har da rasa gado. Ba mugunta ce ta sa su ba, tsoro ne.

Baba bai yi dogon jawabi ba. Ya ce ɗakin injin yana nan, taku kaɗan ne daga majami'a, su zo su gani da idonsu. Suka ce ba za su je su tsaya a kan abin da ake tuhuma ba. Suka ce ya tuba a gaban jama'a ya fasa kofin. Ya ce in ya tuba a kan abin da bai yi ba, ya yi ƙarya a ɗakin Ubangiji, wannan kuwa shi ne zunubin gaske. Aka sa shi ƙarƙashin horo. Aka sauke shi daga kujerar dattawa, aka hana shi Jibin Ubangiji, aka mai da shi bencin baya.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Ina hango shi sai in canza hanya. Abincinsa ma sai in ba wani ya kai. Shi kuwa kowace Lahadi zai saka farar rigarsa ya tafi bencin baya tun kafin a buga ƙararrawa, ya rera waƙa ya fi kowa murya. Da ya dawo sai ya ce wa Mama, surukata, wadda take raye a lokacin, ai bencin baya ya fi iska, kuma daga can ya lura fankar da ke saman kujerar dattawa tana lilo, gara wani ya gaya musu tunda shi an hana shi faɗin abin da zai faru. Mama ta gaya wa matar Fasto a matsayin mafarki. Washegari aka sauke fankar.

Maƙwabcin da ya kai ƙara kuwa, injinsa ya yi wata biyu a kwance domin ya rasa mai miƙe masa sandar. Wata Asabar Baba ya ɗauki sufanunsa ya shiga gidan ba tare da an kira shi ba, ya yini a can. Mama ta yi faɗa har ta ƙi dafa masa miyar karkashin da yake so. Ya ce injin bai kai ƙararsa ba.

Wata safiya yana ƙofar ɗakin inji ya tare ni ina sauri zan wuce makaranta.

"Malama, zo nan. Tunda bakinka ya iya kai labari, gara ya san abin da yake kaiwa. Cika kofi."

Haka karatuna ya fara. Na yi wata guda ban ga komai ba sai ruwa yana rawa. Ya ce in daina neman ciwo, in fara sanin lafiya, in kalli injin kullum a wuri ɗaya, da ruwa daidai ɗaya, har in haddace fuskarsa ta yau da kullum. Ranar da ta canza zan sani. Ya koya mini raba bugun injin dizal, wanda yake da nauyi yana zuwa ta ƙasa, da ƙaramar kakkarwar boris. Ya ajiye tsofaffin boris a gwangwanin madara, kowanne da irin ciwonsa, yakan sa in wanke su da kananzir in juya a hannu ido rufe in faɗi inda ya ci.

Sau ɗaya muka yi faɗa sosai. Ya tafi Kafanchan kwana biyu, ni kuma don in nuna ƙwazo na ɗura wa boris biyun giris har yana tsiyaya. Da ya dawo ya ɗora hannu ya ji zafi, ya yi ta masifa har kaji suka watse. Ya ce na shaƙe su, ya ce ko jariri in aka yi masa ɗura irin wannan sai ya yi amai. Ni ma na fusata na ce ai alheri na yi. Ya ce alherin da ba a auna ba shi ya kai shi bencin baya. Na fashe da kuka. Sai ya rikice, ya rasa yadda zai yi, ya shiga ɗaki ya fito da rake guda ya miƙo mini kamar wata 'yar yaye. Wannan ne karo na farko da na ƙarshe da ya ambaci laifina cikin fushi, kuma har ya mutu yana jin haushin kansa a kan ya faɗa.

Horon bai ƙare da wata sanarwa ba. An canza Fasto, sabon ya zo ya ce wa Baba a ƙofar majami'a ya dawo cin Jibi, shi ke nan. Ba wanda ya miƙe a gaban jama'a ya ce an yi kuskure, ba a mai da shi kujerar dattawa ba. Shi ma bai koma gaba ba, ya riƙe bencinsa na baya shekara da shekaru. Masu injuna suka ci gaba da aikowa a kira shi, har da matan dattawan, amma tun daga lokacin kofin a aljihu yake fita, kuma sai an rufe ƙofa yake ɗora shi. Ni ma haka na gada. Na iya aikin, amma ban taɓa yin sa a gaban wanda ba ɗan gida ba.

Ranar da na fi ganin farin cikinsa ita ce ranar da 'yata ta fari ta zo hutu daga Kaduna. Ta karanta injiniyanci, tana aiki a wata masana'anta, kuma aikinta shi ne bin injuna tana auna girgizarsu. Ta zo da na'urar a jaka, wani ɗan ƙarfe mai maganaɗisu da ake mannawa a gidan boris, da waya zuwa allo kamar na wayar hannu. Ta manna, sai ga layi yana rawa a allon. Ta nuna masa cewa kowane irin ciwo yana da inda yake tsirowa a layin, na ƙwallo daban, na zoben waje daban, na zoben ciki daban, kuma a wajen aikinsu suna ajiye awon kowane mako don su ga ranar da ya fara canzawa.

Baba ya sa tabarau ya cire ya sake sawa. Ya ce a kawo gwangwanin madara. Suka yini suna saka tsofaffin boris ɗaya bayan ɗaya, shi yana kallon kofi ya faɗi nasa, ita tana kallon allo ta faɗi nata. A guda ɗaya suka saɓa, da aka fasa sai ga shi ita ce da gaskiya. Na zaci zai ji haushi, sai ya miƙe ya taka rawa a cikin garin masara, yana cewa jikarsa ta kayar da shi. Daga baya ya sa ta manna masa abin a gwiwa, ya ce ta duba, wannan boris ɗin tun zamanin reluwe ba a canza shi ba.

'Yata ta ce bari ta kai na'urar majami'a ranar Lahadi a nuna wa kowa cewa ilimi ne. Ya girgiza kai. Ya ce waɗanda suka yi masa hukunci duk sun riga shi tafiya sai mutum ɗaya, shi ma ido ya fara tafiya, a bar tsoho ya huta. Amma na ga yadda ya daɗe yana shafa allon da babban yatsa.

Ranar Litinin, kwana ɗaya kafin ya rasu, ya ce mini ɗaya daga cikin boris ɗinmu ya fara tari, zai kai mako uku in ba a matsa masa ba. Ya ce ya sayi sabo yana cikin gwangwani, gobe zai sa ni in gano wanne ne da kaina. Goben ba ta zo mana yadda muka shirya ba. Cikin hidimar makoki maganar ta fita daga kaina ɗungurungum, injin kuwa ya sha aikin da bai taɓa sha ba, kunu da tuwo na baƙi safe da yamma.

Ana gobe jana'iza, da tsakar rana, gidan ya cika maƙil. An kafa rumfuna, fastoci suna zaune a ta gaba, daf da ɗakin inji. Matan zumunta sun jera manyan robobi na jiƙaƙƙiyar dawa da masara, abincin ɗaruruwan mutanen da za su zo gobe. Na shiga in karɓi wata roba, ba takalmi a ƙafata, sai na ji wata baƙuwar kakkarwa a tafin ƙafa. Kunne bai ji komai ba, injin yana ruri yadda ya saba. Sai maganar Baba ta faɗo mini. Na ƙirga, mako uku cif.

Na ce a kashe inji. Mata suka yi caa, Gwaggo ta ce lafiyarsa ƙalau, kada in kawo musu iyayi ana tsakiyar aiki. Na tuna goshin maƙwabci, na dubi matan da ke tsaye dab da bel. Sabon boris ɗaya ne, ban san gefen da zan sa a kwance ba, in aka kwance wanda ba shi ba an yi asarar yinin. Na kira 'yata, ta ce tana Mararaban Rido can Kaduna, motarsu ba ta cika ba tukuna. Kofin yana cikin jakata, ƙofa a buɗe, fastoci suna kallo. Gaskiya na ji tsoro, domin ina da aikin koyarwa a makarantar ikilisiya, ina da suna a zumunta.

Na fito da shi na cika da ruwa a randa. Gwaggo ta dafe kai. Waƙar da ake yi a ƙarƙashin mangwaro ta tsaya.

Tunda malama ce ni, sai na yi abin da na iya, na mai da wurin aji. Na ce duk mai ido ya matso. Na ɗora kofin a gefen faranti, na ce su dubi zobban ruwan yadda suke fita sumul. Na ɗauke na mai da shi gefen bel. Ruwan ya yi ƙaiƙayi, yana ɗan tsalle yana lafawa, yana tsalle yana lafawa. Wata mata ta ce ita ma ta gani. Fastonmu na yanzu, matashi ne da bai san zancen ba sai a bakin mutane, ya taso ya shigo. Na miƙa masa sukudirebar Baba na nuna masa inda zai kafa. Ya rufe ido, ya saurara a wannan gefe, ya saurara a wancan, ya buɗe ido ya ce kamar akwai tsakuwa a ciki.

"Zoben ciki ne, gefen bel," na ce. "In na yi ƙarya, kowa zai gani yanzu."

Tsofaffin fitocin nan uku ba su jira an roƙe su ba. Suka tuɓe kwat suka rataya a ƙofa, suka hau gardama a kan lambar sufana kamar jiya suka bar loko. Mijina yana riƙe musu fuli, wato ƙarfen da bel yake juyawa a kai, suna yi masa tsawa. Da suka zare boris ɗin suka wanke da kananzir suka fasa, sai ga rami a zoben ciki, faɗinsa kamar ƙwayar dawa, gefensa ya fara tsagewa. Babbansu ya ce wannan ba zai kai la'asar ba. Zoben ya fara yawo daga hannu zuwa hannu, daga ɗakin inji har rumfa.

A rumfar akwai dattijon nan ɗaya da ya rage cikin waɗanda suka yi wa Baba hukunci. Shi ne ya yi mini tambayoyi ukun nan. Idonsa ya kusa rufewa, don haka da zoben ya iso gare shi da yatsa ya bi shi, ya tsaya a kan ramin, ya daɗe yana shafawa. Ya sa aka kira ni.

"'Yata, wannan ne yake gani a ruwan?"

Na ce masa shi ne.

"Ya ce mu zo mu gani," in ji shi. "Taku nawa ne? Ba mu zo ba."

Kafin awa biyu injin ya tashi da sabon boris. Na sake ɗora kofin, ruwan ya kwanta sumul, matan zumunta suka saki guɗa suka ɗauki tuluna. Aka yi niƙa har aka gama.

Washegari a majami'a, bayan an karanta tarihin Baba, dattijon ya ɗaga sandarsa ya nemi izini, alhali ba ya cikin tsarin sujada. Aka riƙe shi ya zo gaba. Ya fito da zoben daga aljihu, ashe bai mayar ba. Ya ce shekaru da yawa da suka wuce su dattawa sun hukunta ɗan'uwansu a kan ilimin da Allah ya ba shi, sun ƙi zuwa su duba, kuma shi kaɗai ya rage da zai faɗa, don haka yana faɗa. Ya juya ga akwatin gawar ya ce a yafe musu. Sannan ya roƙi masu ɗaukar gawa su tsaya da ita kaɗan a gaban kujerar dattawa kafin a fita. Aka tsaya. Na yi kuka a ranar fiye da ranar da ya rasu, amma kukan daɗi ne, kuma daga nan har kabari rawa muka yi, jikoki a gaba da kofunansu na roba.

Baba, ka huta a wurin Ubangijin da ka yi wa waƙa daga bencin baya. Bakin nan nawa da ya kai labarinka a karkace, yau ya kai shi daidai.

Kwana uku bayan jana'iza, mai injin markaɗen nan da ta zube a tsakar gida ta aiko a ce injinta yana wani abu, ko Malama za ta leƙa. Na ɗauki kofin zan jefa a jaka yadda na saba. Gwaggo tana zaune a kujerar Baba tana tsinke zogale, ta ɗago kai.

"Ka cire shi a jaka," in ji ta. "Ka riƙe a hannu. Kuma ka bi ta gaban majami'a."